Yadda Za Ka Duba Siffar Furotin a AlphaFold Ba Tare da Hoto Ya Yaudare Ka Ba

Tun da AlphaFold 2 na kamfanin DeepMind, manhajar da ke hasashen siffar furotin daga jerin amino asid ɗinsa, ya yi zarra a gasar hasashen siffar furotin ta CASP14 a 2020, aikin masu binciken furotin ya sauya salo. Rumbun bayanan da kamfanin ya buɗe tare da cibiyar EMBL-EBI a 2021 ya haura siffofi miliyan 200 a 2022, sannan a 2024 Demis Hassabis da John Jumper suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai da David Baker. Sauke siffa daga rumbun ba wuya. Inda gizo ke saƙar shi ne sanin wane ɓangaren siffar za ka amince da shi, domin wannan ƙirƙirarriyar basira tana zana wa kowane furotin siffa, ko tana da tabbas ko ba ta da shi.

Kafin komai, leƙa rumbun PDB, ma'ajiyar siffofin da aka tantance ta hanyar gwaji. Idan an riga an tantance siffar furotin ɗin a ɗakin gwaji, ita ce gaba da hasashe. In babu, nemo lambarsa ta UniProt, kundin bayanan furotin, ka yi bincike da ita a rumbun AlphaFold. Suna kaɗai yakan jawo maka na ɓera ko na kifi alhali na ɗan Adam kake nema. Misali, lambar furotin p53 na ɗan Adam ita ce P04637, mai amino asid 393.

Da shafin ya buɗe, launi za ka fara karantawa. Kowane amino asid yana da maki daga 0 zuwa 100, wanda ake kira pLDDT, wato ma'aunin tabbacin da manhajar ke da shi a wannan wurin. Sama da 90 shuɗi ne mai duhu, kuma a nan kana iya dogaro har da yadda rassan gefen amino asid ɗin suka kwanta. Daga 70 zuwa 90 shuɗi ne mai haske: ƙashin bayan sarƙar furotin ɗin daidai yake galibi. Daga 50 zuwa 70 ruwan ɗorawa ne, sai a yi hattara. Ƙasa da 50 ruwan lemo ne, kada ka gina wata hujja a kansa. A p53 za ka ga tsakiya, wato sashen da ke kama DNA, shuɗi ne, amma farko da ƙarshe sun yi zare-zare suna lilo. Sau da yawa ba gazawar manhajar ba ce. Irin waɗannan sassa ba su da tsayayyar siffa ko a cikin ƙwayar halitta, don haka wurin da aka zana zaren bai nufin komai.

Mafi yawan masu kuskure a mataki na gaba suke yin sa, saboda suna tsallake taswirar PAE, wato koren murabba'in da ke gefen hoton. Makin pLDDT yana magana ne kan amino asid da maƙwabtansa na kusa kawai. PAE kuwa yana nuna kuskuren da ake zato, da ma'aunin angistirom, a matsayin wani amino asid idan aka daidaita siffar a kan wani. Kore mai duhu ƙaramin kuskure ne, mai haske babba. Sassa biyu na iya zama shuɗi fes kowanne, amma idan mahaɗarsu a taswirar ta yi fari-fari, manhajar ba ta san yadda suke fuskantar juna ba. Wanda ya auna tazara tsakaninsu ya auna iska.

Don aiki na gaske, sauke fayil ɗin mmCIF ko PDB ka buɗe a manhajar duba siffa irin ChimeraX ko PyMOL. Akwai tarko a nan: an ajiye makin pLDDT a gurbin da ake kira B-factor a cikin fayil ɗin. A siffofin gwaji babbar lamba a wannan gurbi alamar rashin tabbas ce, a AlphaFold kuwa alamar tabbas ce. Manhajar da ba ta san haka ba za ta fifita mafi munin sassan. Ka sauya lambobin tukuna, kuma ka yanke abin da ya gaza 70 kafin ka shiga gwajin ɗaura magani a jikin furotin ɗin ko makamancinsa.

Idan jerin amino asid na furotin ɗinka ba ya cikin rumbun AlphaFold, dandalin ColabFold zai yi maka hasashe kyauta ta intanet, ya ba ka siffofi biyar. Duba yawan dangin jerin da ya samo, domin daga kwatanta su AlphaFold 2 ke gano amino asid ɗin da ke taɓa juna. In sun gaza kusan 30, inganci yakan faɗi sosai. Don haɗa furotin da DNA, RNA ko wani furotin, AlphaFold Server mai aiki da AlphaFold 3 na 2024 ya fi dacewa, sai dai ba a yarda a yi kasuwanci da sakamakonsa ba. A can makin ipTM, mai auna tabbacin yadda sassan suka haɗu, za ka duba: sama da 0.8 abin dogaro ne, ƙasa da 0.6 mai yiwuwa hasashen bai yi ba.

Rumbun AlphaFold yakan nuna sarƙa ɗaya ne a yanayi ɗaya. Himogulobin na aiki da sarƙoƙi huɗu da sinadarin him mai ɗauke da ƙarfe, amma shafin P68871 sarƙar beta kaɗai zai nuna maka, babu him. Haka kuma kada ka canza amino asid ɗaya ka sa ran ganin illarsa. Sauyin da ke jawo cutar sikila, inda balin ya maye gurbin gulutamet a matsayi na 6, da ƙyar zai motsa hoton, domin matsalar tana cikin yadda ƙwayoyin himogulobin ke manne wa juna idan iskar oksijin ta yi ƙaranci. Ka kula da ƙidaya ma: UniProt na lissafawa da metiyonin, amino asid ɗin da ke farkon sarƙar, don haka a fayil ɗinka wannan matsayi zai fito a lamba 7.