Cike ramukan ƙwaro a tsohon katako da launin da zai fito fili

Tsohon akwatin maɗaci ko teburin da ƙwaro ya huda ba ya buƙatar a ɓoye masa tabo. Duk yadda aka kwaikwayi launin katakon, cikon sai ya nuna bayan an shafa banish. Gara a zaɓi launin da ya bambanta sarai: baƙi a kan farin katako, shuɗi ko fari a kan jan maɗaci.

Kafin komai, a tabbatar ƙwaron ya mutu. A shimfiɗa takarda a ƙarƙashin kayan kwana uku. In an ga sabon gari mai haske kamar na tuwo ya zubo, yana ciki. A ɗura kananzir ko maganin ƙwari da sirinji a kowane rami, a naɗe kayan da baƙar leda, a bar shi a rana kwana biyu. Sannan a buɗe ya sha iska mako biyu, domin ciko ba ya kama katako mai maiƙo. A Zariya lokacin hunturu ya fi dacewa da aikin, katako ya bushe sosai. Da damina danshi yakan makale a cikin ramin.

A sakace ramukan da allura, a hure garin. A shafa banish siriri sau ɗaya a wurin, a bari ya bushe. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ke hana launi shiga jijiyar katako ya bar dabbare-dabbare a bakin rami.

Gam na Araldite mai jinkirin bushewa ya fi, ana samunsa a shagunan kayan gini na Sabon Gari. Bututu biyu yake zuwa, a matso su daidai wa daida a kan kwali, a zuba garin gawayi da aka tankaɗe, ko garin shuni, ko jar ƙasa busasshiya. Launin kada ya wuce kashi 1 cikin 10 na haɗin. In ya yi yawa, cikon zai tsaya da danƙo, ko ya marmashe. Farin gam da dusar katako yana da araha, amma yana shanyewa in ruwansa ya tsane, sai an cika sau biyu ko uku.

Ramukan ƙanana ne, milimita 1 zuwa 2, saboda haka a riƙa tura haɗin da tsinken sakace, a juya shi iska ta fito. A bar ɗan tudu a kai. Bayan awa 24 a naɗa samfefa a guntun katako a goge, lamba 120, sai 180, sai 240, ana bin tsawon jijiya. In da yatsa aka goge, katakon ne zai lotsa, cikon ya yi tsiri.

Ƙafar teburin da gara ta cinye ta ciki, wadda in an ƙwanƙwasa take ƙara kamar ganga, ba ta ciko ba ce. Kafinta ya yanke wurin ya dasa sabon katako, sannan a shafe duka da banish sau biyu.