Yadda za ka hana kifin gofi mutuwa bayan ka kawo shi gida

Mu a nan karkara tarwada ce ta ɓata mana lissafi a kan kifi. Tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take rayuwa a taɓo, ta kwana a baho da ruwa kaɗan, gari ya waye tana motsi. Sai mutum ya ɗauka kowane kifi haka yake. Ya je Kano ya ga gofi, ɗan ƙaramin kifin adon nan mai faffaɗar jela kala-kala, ya saya a leda, ya zo ya cika sabon akwatin gilashi da ruwan rijiya ya juye su. Kafin mako ya zagayo sun ƙare, a ce ai maras lafiya aka sayar masa. Wani lokacin haka ne, amma a mafi yawan gidajen da aka kira ni na duba a garuruwanmu na yankin Ringim, ruwan ne ya kashe su.

Gofi asalinsa daga Kudancin Amurka yake, wajen Benezuwela da Guyana da tsibirin Tirinidad. Daga Tirinidad ɗin ne wani mutum mai suna Robert Guppy ya aika da shi Landan, aka sa wa kifin sunansa a 1866. Na daji yana da juriya ƙwarai, har ƙasashe da yawa sun zuba shi a magudanai don ya cinye tsutsar sauro. Amma waɗannan masu jela kamar mafici, an daɗe ana haɗa dangi da dangi don a fitar da launi, kuma ƙwarin jikinsu bai kai na kakanninsu ba.

Idan aka ce min kifi ya mutu, tambayata ta farko ita ce yaushe. Wanda ya mutu a ranar da aka kawo shi ko washegari, wahalar hanya ce, ko sauyin ruwa na farat ɗaya, ko guba. Idan kuwa sun yi kwana uku ko huɗu lafiya lau, sannan suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya har cikin mako na biyu, to akwatin ne bai nuna ba, wato ruwansa bai shirya karɓar kifi ba. Wannan na biyun shi ya fi cin mutane, don ido ba ya ganinsa.

Ga abin da ke faruwa. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta mashaƙarsa da ke gefen kai, kashinsa da ragowar abinci su ma idan suka ruɓe amoniya suke zama. A kogi ruwa ya wuce da ita. A akwati ba ta da wurin zuwa, sai ta taru ta ƙona mashaƙar kifin. A tsohon akwati akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke manne a jikin tsakuwa da soson da ke tace ruwa. Kashi ɗaya na ƙwayoyin yana mai da amoniya naitirayit, wanda shi ma guba ne domin yana hana jini ɗaukar iska. Kashi na biyu ya mai da naitirayit naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce, kuma canjin ruwa yana rage shi. Sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyi, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Ruwan yana nan garau, kana hango kowace tsakuwa, alhali guba ce a ciki. Ƙari a kan haka, amoniya ta fi dafi idan ruwa ya yi ɗumi, mu kuwa ɗumi ba baƙonmu ba ne.

Saboda haka ka fara kiwon ruwan kafin ka sayi kifin. Ka samu akwati mai cin kamar lita 40, wato jarka ɗaya da rabi da ɗan ɗori idan jarkar mai lita 25 ce. Wannan zai ɗauki gofi shida cikin walwala. Ƙananan kwalaben nan masu zagaye da ake ɗorawa a tebur ba na ba kowa shawarar saye, ruwa kaɗan ya fi saurin lalacewa, ya fi saurin zafi da sanyi. Ka wanke tsakuwa da ruwa zalla, ban da sabulu, ban da omo. Ka cika akwatin, ka kunna ɗan injin hura iska mai soso, kullum ka riƙa jefa ɗan tsunkulin abincin kifi ya ruɓe a ciki, shi ne abincin ƙwayoyin. Ka yi haƙuri wata guda. Idan kana da sani da wani mai tsohon akwati mai lafiya, ka roƙe shi tafi ɗaya na tsakuwar ciki, ko ya matse maka sosonsa a leda, ka zuba tun yana jiƙe. Wannan yana rage jiran sosai. A ƙarshe ka canza rabin ruwan, ka sa kifi uku tukuna, sauran bayan mako biyu.

Kainuwa tana taimakawa. Tana shan amoniya, tana yin inuwa, saiwarta kuma mafaka ce ga 'ya'yan kifi. Sai dai kar ka ɗebo daga kududdufin da ke gefen gonar da ake yi wa feshi. Ka wanke ta, ka tsince katantanwa, ka bar ta a bokiti ita kaɗai mako guda kafin ta shiga akwati, kuma kar ka bari ta rufe saman ruwan gaba ɗaya.

Shi kansa ruwan, na rijiya da na bohol suna yi, gofi ma ya fi son ruwa mai ɗan nauyin ma'adinai. Matsalarsa ita ce yana fitowa daga ƙasa da ƙarancin iska, don haka ka bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti cikin ɗakin da akwatin yake. Da haka zai sha iska, zafinsa kuma ya daidaita da na akwatin. Ruwan famfon gari, ko wanda aka ɗiga wa maganin tsarkake ruwa, yana da kulorin, mai kashe kifin da ƙwayoyin duka. Shi sai ya yi kwana biyu a buɗe, ko ka sayi maganin kashe kulorin a wurin masu kifin. Ruwan da aka sa wa alif don ya kwanta, ka bar wa girki. Kanwa kuma kar ta kusanci akwatin ko da wasa, domin tana sauya ruwan ta yadda amoniya ke ƙara dafi. Bokitin kifi ya zama na kifi kaɗai, ka gaya wa uwargida da yara, ka ɗaura masa ƙyalle idan ta kama.

A shago kar ka yi sauri. Ka tsaya ka kalli akwatin gaba ɗaya, ba wanda ya burge ka kaɗai ba. Idan akwai gawa a ƙasa, ko wani mai fararen ɗigo a jiki, ko mai fari-fari a baki, ko wanda ya matse jelarsa ta zama tsinke, ko mai lilo wuri ɗaya ba ya gaba ba ya baya, ka haƙura da duk akwatin. Ka tambayi mai shagon, “Malam, yaushe waɗannan suka iso?” Idan jiya ne, ba su huta daga tasu tafiyar ba, ga kuma taka. Ka kuma tambaye shi ko yana sa gishiri a ruwansa, domin wasu masu kiwo suna yi, kuma kifin da ya saba da hakan yana jigata idan aka tsunduma shi a ruwa zalla. Ledar ta zama kashi ɗaya ruwa, kashi biyu iska. Ka sa sayen kifin ya zama na ƙarshe a hidimarka ta birni, ka naɗe ledar da tawul ka sa a kwali, ka riƙe a cinya. But ɗin mota da tsakar rana a hanyar Kano zuwa Ringim tukunya ce.

Da ka iso, ka ɗora ledar a rufe a saman ruwan akwatin minti 20. Sannan ka buɗe, ka riƙa ƙara mata rabin kofi na ruwan akwatin duk bayan minti biyar, har ruwan cikinta ya ninka. Ka kwashe kifin da 'yar raga, ka zubar da ruwan ledar a waje. Ranar nan ba abinci, ba fitila, ba yara suna ƙwanƙwasa gilashi.

Abinci kuwa, abin da za su cinye cikin minti ɗaya, sau biyu a rana, ya isa. Cikin gofi ɗan mitsitsi ne, kuma kullum yana yin kamar mai yunwa. A wani gida na tarar da gutsuren tuwo da burodi sun yi farin gashi a ƙasan akwati, kowane yaro ya wuce sai ya ba su nasa. Mutum ɗaya ya riƙa ciyarwa, abincin kuma a ɗora shi inda hannun yara ba ya kaiwa. Idan na gwangwani ya ƙare, ka daka ƙananan ƙwayoyin abincin tarwada su yi laushi, ko ka tace musu tsutsar sauro daga ruwa mai tsabta.

Gofi yana son ruwa tsakanin digiri 22 zuwa 28. A watan Afrilu zafinmu yana haura 40, ruwa mai zafi kuma ba ya riƙe iska da yawa, sai ka ga duk sun taru a sama suna haki. A Disamba da Janairu kuma daren hunturu yana sauka ƙasa da 15. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi ɗakin kwano nesa ba kusa ba, akwatina a irinsa yake, nesa da taga. Da bazara ka lulluɓe gefe uku na akwatin da jiƙaƙƙen buhun algarara, ka buɗe saman, injin iska kuma ka nemi mai batir ko mai aiki da sola, don kar ya tsaya duk lokacin da aka ɗauke wuta. Kar ka jefa ƙanƙara. Da hunturu ka rufe shi da bargo tun magariba, idan sanyi ya yi tsanani ka sa ruwa mai ɗumi a gora, ka rufe ta, ka bar ta tana yawo a sama. Ma'aunin zafi na mannawa a gilashi ba shi da tsada, ka saya tare da akwatin.

Sai maganin sauro. Fiya-fiya da na feshi na gwangwani suna kashe kifi da ɗan abin da ya sauka a kan ruwa, har injin iska yana zuƙo shi ya tura ciki. Hayaƙin na kunnawa ma ba na yarda da shi. Idan da daddare suna lafiya, da safe aka tarar duk sun mutu lokaci ɗaya, ka tambaya ko an yi feshi. A ɗakin da kifi yake, gidan sauro ne mafita. Haka wanda ya dawo daga feshin gona, ko wadda ta shafa mai, kar su tsoma hannu.

Idan ka ga suna haki ko sun matse jela, kar ka fara da magani. Ka cire wanda ya mutu nan take, ka dakatar da abinci kwana ɗaya, ka canza rabin ruwan da wanda ya kwana, gobe ka sake canza kwata. Gishiri ƙaramin cokali ɗaya a kowace lita biyar yana rage illar naitirayit, amma ka narkar da shi a kofi tukuna, ka fitar da kainuwar domin ba ta jure shi. A zaman lafiya kwatan ruwa ake canzawa duk mako, soson kuma a ruwan da ka ɗebe daga akwatin za ka ɗauraye shi, don kar ka kashe ƙwayoyin da ka yi wata guda kana jira.

Mazan su ne ƙanana masu ado, don haka kowa su yake zaɓa, sai a haɗa maza huɗu da mace ɗaya su yi ta binta har ta gaji ta mutu. Ka sa mata biyu ko uku ga kowane namiji, ko ka sayi maza zalla. Macen ba ƙwai take yi ba, haihuwa take yi kusan duk wata, kuma yawancin waɗanda ake sayarwa da ciki suke zuwa. Wadda cikinta ya yi girma sosai har baƙin tabon da ke kusa da jelarta ya fito raɗau, ka bar ta a shago, domin wahalar mota a irin wannan hali takan sa ta haihu kafin lokaci ko ta mutu. Ka ɗauki matashiya mai matsakaicin ciki, za ta haihu a gidanka, kuma manyan suna cin jariran, don haka saiwar kainuwar ta yi yawa kafin ranar.