Yadda Zaka Karɓi Kuɗin Gyara Daga Dilan Da Ya Sayar Maka Da Motar Hannu Mai Matsala a New York

Abun nan yana damuna sosai, ɗan uwa zai yi shekara yana tara kuɗi a Bronx, ya je wajen dila ya sayi motar hannu, ko sati biyu ba a yi ba giyabos ta fara fizga ko injin ya fara zafi, sai kawai ya kaita wajen bakanike ya zaro dala dubu biyu daga aljihunsa ya ce ƙaddara ce. Haƙuri abu ne mai kyau, amma wannan kuɗin haƙƙinka ne, doka ta ɗora gyaran akan dila. Amurkawa suna kiran motar da aka saya ta fito da lahani lemun tsami, daga nan aka samo sunan dokar, Lemon Law. Kowace jiha da nata tsarin, wasu ma sabuwar mota kaɗai suke karewa, ni dai akan jihar New York zan yi magana inda dokar motar hannu take a sashe na 198-b na dokar kasuwancin jihar.

Kafin komai ka fara duba ko motarka ta shiga cikin dokar. Dole ya zama a wajen dila na New York ka saya, kuma dila a dokar shine wanda ya sayar da motocin hannu uku ko fiye cikin wata 12 da suka wuce, in wajen wani mutum ka saya a Facebook wanda motarsa ce ta hawa ya sayar maka toh wannan dokar bata shafe ka ba. Kuɗin motar ya kai dala 1,500, tafiyar da ta yi kafin ka saya bata haura mil 100,000 ba, sannan motar ta hawanka ce kai da iyalinka. Wannan na ƙarshen ku saurara da kyau domin yawancinmu tuƙi muke yi, in kana ɗaukar fasinja da ita kamar Uber ko tasi, doka ta ba dila damar cire ka daga garantin, haka ma in ka bada ita haya.

In ka tsallake wannan sai lissafin kwanaki, a nan ne mutane suke faɗuwa. Garantin ya danganta da tafiyar motar ranar da ka karɓe ta. Daga mil 18,001 zuwa 36,000 kana da kwana 90 ko mil 4,000. Daga 36,001 zuwa 79,999 kwana 60 ko mil 3,000. Daga 80,000 zuwa 100,000 kuwa kwana 30 ne kacal ko mil 1,000, kuma duk wanda ya riga cika a cikin biyun shikenan garanti ya ƙare. Kaga wanda yake zuwa aiki New Jersey kullum kuma ya ɗauki iyali ziyara Philadelphia sau biyu, mil dubu ɗaya zai iya cinye ta kafin wata ya cika, kuma irin motocin da aljihunmu yake iya saye galibi a wannan rukunin na ƙarshe suke. Don haka in ka ji wata ƙara da baka gane ba kada ka ce bari sai ranar hutu.

Ko dila ya rubuta a takarda cewa yadda ka ganta haka ka saya babu garanti, ko ma ya sa ka sa hannu cewa ka yafe, wannan rubutun bashi da tasiri in motar ta cika sharuɗɗan can na sama, doka tana ɗauka ya baka garantin ko bai baka a rubuce ba.

Ba komai garantin ya ƙunsa ba. Ya ƙunshi injin da famfon ruwa da famfon mai, giyabos da kayan cikinta, akasul, manyan kayan birki irin su masta silinda da bututun man birki, sitiyari da famfonsa, lagireto, altaneta, kik, da tsarin tayar da mota amma banda batir. Taya ko rediyo ko iyakwandishan basa cikin jerin da doka ta wajabta, sai dai in dilan da kansa ya rubuta maka su. In kuma hatsari ka yi ko ka bar motar babu man inji har ta buga, wannan naka ne.

Yanzu ga matakin da yafi kowanne muhimmanci. Da zarar matsala ta bayyana, dila zaka fara sanarwa, ba bakanikenka ba. Na san kowa yana da bakanike ɗan gari da ya yarda dashi, mai sauƙin kuɗi, wanda zaku yi Hausa ku fahimci juna, amma yadda dokar take shine dila ne yake da zaɓi, ko ya gyara kyauta da kansa ko ya biya ka kuɗin gyaran da ya dace. In ka riga ka gyara bai sani ba zai ce ai baka bashi dama ba, ko ma ya ce bakanikenka ne ya ɓata motar, kuma da wuya ka iya ƙaryata shi tunda an riga an kwance komai. Sanarwar kuma a rubuce, kiran waya baya barin shaida. Tura masa saƙon tes da imel, ka rubuta kwanan wata da mil ɗin da ke jikin mota da abun da take yi, ka ɗauki hoton mita, in fitilar injin ta kama ka ɗauki bidiyo. In ka sanar dashi cikin wa'adi dole ya gyara ko da wa'adin ya ƙare kafin ya taɓa motar, kuma duk kwanakin da ta yi a garejinsa ana ƙara maka su akan garantin.

Duk lokacin da ka kai motar ka karɓi takardar gyara mai ɗauke da ranar da ta shiga da ranar da ta fito da abun da ka ce yana damunta. Wasu dilolin zasu karɓi makulli da fara'a su ce kada ka damu zamu duba, babu takarda babu komai, kai kuma kunya ta hana ka tambaya. Dan Allah ka ajiye kunyar nan, ba a gida muke ba, a gaban alƙali takarda ce take magana.

To in ya ce ka kai wani gareji ka gyara zai biya fa? Madalla, amma ya rubuta maka hakan kafin a kwance ko noti ɗaya, da adadin kuɗin da ya amince. In kuma ya ƙi gyarawa ko ya daina ɗaga waya, ka samu kiyasin gyara a rubuce daga gareji mai rajista, biyu ma sun fi, ka aika masa wasiƙa ta gidan waya irin wacce ake sa hannu a karɓa, ka bashi 'yan kwanaki ka faɗa masa zaka gyara ka nemi kuɗinka. Bayan gyaran ka riƙe rasit, ka ce bakanike ya rubuta ainihin abun da ya lalace, tsofaffin kayan da aka cire ma ka karɓe su ka ajiye a but.

Daga nan sai ƙaramar kotun neman kuɗi, a cikin birnin New York tana sauraron ƙara har ta dala 10,000, kuɗin shigarwa dala 15 ne ko 20, baka buƙatar lauya, kuma in Turancinka bai zauna ba ka nemi tafinta tun ranar shigar da ƙara, kyauta ne. Ka tabbata sunan kamfanin da ka rubuta shine na jikin takardar ciniki, domin sau da yawa sunan da ke jikin allon ƙofa daban ne da na rajista. Zaka iya haɗawa da kai ƙorafi hukumar motoci ta DMV wacce take yi wa diloli rajista, a cikin birni kuma ka kira 311 su haɗa ka da hukumar kare masu saye. Dila yana tsoron abun da zai taɓa lasisinsa fiye da yadda yake tsoron faɗanka.

In kuwa an gyara abu ɗaya sau uku bai gyaru ba, ko motar ta yi jimillar kwana 15 a gareji cikin wa'adin garanti, maganar ta wuce kuɗin gyara, zaka iya mayar masa da motarsa ya dawo maka da kuɗinka har da harajin saye, sai dai a cire na ɓarnar da kai ka yi mata, da sharaɗin matsalar babba ce da ta rage darajar motar sosai. Rashin kayan gyara yana iya ƙara masa kwanaki amma shima yana da iyaka, kwana 45. Wannan ana nemansa ta tsarin sasanci na ofishin Antoni Janar na jihar, akwai fom a shafinsu na intanet, hukuncin mai sasancin kuma yana hawa kan dila. Doka ta baka shekara 4 daga ranar da ka karɓi motar ka shigar da ƙara, amma ni shawarata ka yi tun rasit bai ɓata ba kuma tun dilan bai rufe shago ya koma wani suna ba.