Keken tsaye a bakin teku: kurakuran da muka fi yi a kan Segway

Wanda ya saba ratsa cunkoson Kasuwar Barci a kan babur ranar jajiberin salla yakan ɗauka babu wani abin hawa mai taya biyu da zai ba shi kunya. Da wannan tunani muka isa tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Barselona, mu biyar daga Kaduna, bayan an tashi daga taron da ya kai mu Sifaniya. Muka biya kuɗin zagayen awa biyu a kan Segway, keken nan da ake hawa a tsaye, tayoyinsa biyu gefe da gefe, jagora na gaba baƙi na biye da shi kamar 'yan tsaki. Gwanin babur ɗinmu shi ya fara kai gwiwa ƙasa. Hajiyar da ko keke ba ta taɓa hawa ba kuwa, ita jagoran ya riƙa nunawa yana cewa mu kalli tsayuwarta.

Dalilin yana cikin yadda aka ƙera abin. Wani Ba'amurke, Dean Kamen, ya fito da shi a watan Disamba na 2001. Ba shi da totur, ba shi da giya, ba shi da birkin da za ka matsa ko ka taka. A ƙarƙashin ƙafarka akwai na'urori masu auna karkacewar jiki, suna sanar da kwamfutar ciki, ita kuma tana juya tayoyin don su tare ka kafin ka faɗi. Ka ɗan karkata gaba, sai ya tafi. Ka koma da nauyinka kan dugadugai, sai ya rage gudu har ya tsaya. Ka karkatar da sandar riƙo hagu ko dama, sai ya juya, yana ma iya juyawa a inda yake tsaye ba tare da ya gusa ba. To duk abin da babur ya koya wa hannunka da ƙafarka, a nan gaba yake da kai.

Ɗauki batun sauke ƙafa. Mai babur in ya ji zai faɗi, ƙafa yake kaiwa ƙasa tun kafin ya yi tunani. A kan Segway wannan ita ce faɗuwar kanta. Ƙafa ɗaya na ƙasa, ɗaya na kan farantin da ake tsayawa a kai, hannu ya danne sanda, sai injin ya karanta cewa tafiya kake so, ya ja gaba ya bar ka a wangale. Haka aka yi da abokin namu. Gyaran shi ne ka bar ƙafafunka biyu a inda suke, ka miƙe sosai, ka koma baya kaɗan kamar mai shirin zama a kujera, har ya tsaya cak. Sannan ka sauka ta baya, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, hannunka na riƙe da sandar. Kada ka sake shi don ka sauka: muddin a kunne yake, yana iya gangarawa gaba shi kaɗai, ga shi nauyinsa ya kusa kilo 50. In ya bugi ƙwaurin wata tsohuwa mai yawo da karenta, ranar ta ɓaci.

Hawan ma haka. Mutum ya ga keke a jingine sai ya ɗare, bai jira jagora ya kunna ya ce bismilla ba. In ba a kunna shi ya daidaita ba, ƙarfe ne kawai a kan taya, babu mai tare ka. Shugaban Amurka George W. Bush ya ɗanɗana haka a 2003 a gidan iyayensa da ke jihar Maine, hotunan suka zaga duniya. Ka jira jagora ya riƙe maka sanda, ka ɗora ƙafa ɗaya, ka ga fitilun sun nuna ya shirya, sannan ɗayar. Idonka a gaba. Mai kallon ƙafafunsa yana sunkuyawa, sunkuyon nan kuwa umarni ne na tafiya.

Minti biyu na farko kowa yakan yi wata rawa, gaba baya, gaba baya, kamar jinjiri mai koyon tsayuwa. Ba injin ne ke rawa ba, kai ne kake ƙoƙarin taya shi aikinsa. Sassauta gwiwa, sassauta kafaɗa, ka riƙe sandar kamar yadda ake riƙe kofin shayi mai zafi. Hajiyar nan da na ambata, sirrinta ke nan: ba ta da wani tsohon ilimi da za ta yi gardama da shi, abin da aka ce ta yi shi ta yi.

Akwai gardamar da ta fi wannan haɗari. Iyakar gudun keken kilomita 20 ne a awa, kuma ga baƙi akan sa shi a matakin 'yan koyo, wanda alamarsa hoton kunkuru ce, gudunsa bai kai haka ba. In ka kai iyakar, za ka ji sandar na turo ka baya, tana matso cikinka. Ɗan achaba na cikin zuciyarka zai ce ka danna ta gaba. Kada ka yarda. Injin na buƙatar ragowar ƙarfi da zai tare ka da shi, in ka cinye ragowar da dannawa, babu abin da ya rage tsakaninka da daɓe. Haka in ka ji sandar na karkarwa tana gurnani, gargaɗi ne: rage gudu, tsaya, kira jagora. In matsalar babba ce, abin da yake ba ka bai wuce daƙiƙa 10 ba kafin ya kashe kansa. A 2003 kamfanin Segway ya janye kekuna kusan 6,000 don gyara, saboda in batir ya yi sanyi suna iya kasa riƙe mahayi. Shi ya sa ba laifi ka leƙa alamar batir kafin a tashi, ka nemi a canza maka in ka ga ya yi ƙasa.

Sai tufafi, kuma a nan mu 'yan Arewa muke da namu na musamman. Muna son hoton bakin teku ya fito da mu fes, sai a ɗauko shadda mai sitaci, wani har da babbar riga. Tayoyin nan a gefen idon sawunka suke, iskar teku kuma ba ta hutawa. Hannun babbar riga, bakin jallabiya, jelar mayafi, hijabi mai sharar ƙasa irin wanda 'yan matan Tudun Wada ke ji da shi, duk suna iya shiga taya. Kowa a Kaduna ya san labarin wata da zanenta ko hijabinta ya naɗe a tayar achaba, ba sai an yi dogon bayani ba. Namiji ya sa wando da riga 'yar shara ko kaftani gajere. Mace ta sa wando mai faɗi a ciki da riga wadda ba ta wuce ƙwauri ba, da ƙaramin hijabi da za a cusa bakinsa cikin rigar sanyi. Sutura ta cika, kuma babu abin da ke lilo. Ɗaurin ɗankwali mai tudu a bar shi a otal, don hular kwano ba za ta zauna a kansa ba, kuma kamfanin kirki ba zai bar ki hau babu ita ba. Alhajin da ke cikinmu ya so ya ɗora hular kwanon a kan zanna bukar ɗinsa. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, kawo in adana maka ita a jaka, in mun tsaya hoto sai ka mayar." Ya ba ni yana gunaguni, amma ya ba ni.

Takalmi kuwa kambas ko sau-ciki mara tsini. Silifas na zamewa, mai tsini kuma yana ɓata yadda nauyinka ke sauka a faranti. Ƙafa takan yi tsami bayan rabin awa na tsayuwa wuri ɗaya, don haka ka riƙa motsa yatsu a cikin takalmi, in an tsaya bayani ka sauka ka taka ƙasa.

Kuskuren da ban taɓa tunaninsa ba sai da na gani shi ne mantawa da faɗin keken. Faɗinsa ya haura santimita 60, ya fi inda ƙafafunka suka tsaya. Ido na auna hanya da kafaɗa, taya kuwa tana can waje. Bakin teku cike yake da turakun ƙarfe, da gefen daɓe, da kujerun masu sayar da shayi da kifi. Taya ɗaya ta taɓa turke, sai keken ya juya da kai nan take. Wanda ya kalli gasar tsere ta duniya a Beijin a watan Agustan 2015 zai tuna mai ɗaukar hoton da tayar Segway ɗinsa ta hau wani ƙarfe a gefen fili, ya kwashe ƙafafun Usain Bolt ta baya, bayan Bolt ya gama lashe tseren mita 200. Mai ɗaukar hoton nan kuwa mutum ne da aikinsa ke nan. Ka bar tazara mai yawa tsakaninka da duk abin da ke tsaye, ka bar tsawon keke biyu ko uku tsakaninka da na gabanka, kuma ku daina jerawa kafaɗa da kafaɗa don hira. Taya in ta gogi taya, mutum biyu ne a ƙasa.

Yashi da ruwa su ma abokan gaba ne. Duk dabarar injin ta dogara ga tayar ta kama ƙasa. A gaɓar Barceloneta iska na kwaso yashi ta shimfiɗa a kan daɓe, ga wuraren da masu wanka suka ɗiga ruwa, ga murafun ƙarfe masu santsi. In ba yadda za ka kauce, ka bi a hankali, a miƙe, ba juyi ba tsayawar gaggawa. Gefen ruwa kuma ka ba shi girmansa. Jimi Heselden, attajirin Ingila da ya sayi kamfanin Segway, a watan Satumban 2010 ya rasu bayan ya faɗo da kekensa daga kan wani tudu zuwa cikin kogin Wharfe, kusa da gidansa.

Waya ba sai na daɗe a kanta ba. Hannu ɗaya a sanda, ɗaya a sama ana bidiyon da za a tura wa 'yan gida a WhatsApp, jiki ya karkace, keke ya bi karkacewar. Jagora na tsayawa a wuraren hoto, yawancinsu ma su suke karɓar wayar su ɗauke ka. Sauran lokaci ta zauna a aljihu mai zif, don Barselona ta yi suna wajen 'yan sane, musamman a babban titin La Rambla da kewayensa.

Wasu kurakuran tun daga Kaduna ake yin su, a gaban kwamfuta. Mutum ya biya wa iyali duka ta intanet bai karanta sharuɗɗa ba. Ƙa'idar masu ƙera keken ita ce nauyin mahayi daga kilo 45 zuwa wajen 118, kamfanonin zagaye galibi ba sa ɗaukar mai juna biyu, kuma suna da iyakar shekaru ga yara. Sai an isa a ce auta ba zai hau ba, a yi ta kuka a bakin teku. Ka kuma duba harshen jagora, don a can Sifaniyanci da Katalanci ake yi, na Turanci sai ka zaɓa. Takardar da za a ba ka ka sa hannu kafin hawa, karanta ta. Inshorar lafiyar da aka nema wajen bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai, mai ɗaukar nauyin aƙalla Yuro 30,000, ka tambayi wanda ya sayar maka ko ta haɗa da raunin irin wannan hawa. Kuma kada ka ɗauka kowane birni ya yarda da keken. Birnin Prag ya kore shi daga tsakiyarsa a 2016, a Birtaniya kuwa doka ba ta yarda a hau shi a titi ko gefen titi ba sai a filin da yake mallakin wani. Barselona ma ta taƙaita inda ayarin baƙi za su bi. Saboda haka in jagora ya ƙi shiga wani lungu mai kyau na tsohon gari, ba rowa yake yi ba. Kamfanin Segway ma ya daina ƙera ainihin wannan samfurin tun Yulin 2020, shekara biyar bayan kamfanin Ninebot na ƙasar Sin ya saye shi, don haka kekunan da za ka tarar wasu sun kwana biyu. Dubi tayar, girgiza sandar, kafin ka amince.

Lokaci kuma ba irin ƙarfe goman ɗaurin aure ba ne. Mintocin farko su ne na koyo, a fili mara jama'a. Wanda ya makara ko a tafi a bar shi kuɗinsa ya bi ruwa, ko a koya masa a gurguje ya shiga cikin mutane da rabin sani. Ka duba lokacin salla kafin ka zaɓi awa: a tsakiyar bazarar can rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, zagayen yamma yana iya haɗiye la'asar in ba ka yi ta kafin fita ba. Ka ɗauki 'yar rigar sanyi ko da ka ga rana, iskar Bahar Rum mai laima ce, ba irin busasshen hunturunmu ba, tana ratsa shadda kamar ba ka sa komai ba.

Masoya Barça su sani Camp Nou ba a bakin ruwa yake ba, yana can cikin gari a unguwar Les Corts, sai an ware masa rana. Abin da zagayen gaɓa zai nuna maka shi ne hasumiyar Kolumbus mai tsawon mita 60 da aka gina don baje kolin 1888, da jiragen ruwan attajirai a Port Vell, wato tsohuwar tashar nan, da ƙaton kifin ƙarfe mai launin zinariya na mai zanen gine-gine Frank Gehry kusa da tashar ruwan da aka yi don wasannin Olamfik na 1992. Kafin wasannin nan yawancin gaɓar masana'antu ne da layin dogo. Da jagoranmu ya zo nan, Alhaji ya tuna masa cewa a gasar ce 'yan tseren Najeriya maza suka ci azurfa a gudun ba-ni-in-ba-ka na mita 100 sau huɗu, mata suka ci tagulla. Yana ba da labarin ya saki sanda da hannu ɗaya don ya nuna yadda ake miƙa sandar tsere, keken ya fara juyawa da shi a hankali, sai da ya ba jagoran baya yana fuskantar teku kafin Hajiya ta ce, "Alhaji, hannu biyu."