Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta labarin kisa da soyayya

Irin wannan littafi ba na zubar da jini ba ne. An yi kisa, amma a bayan idon mai karatu, kuma mai bin diddigin ba ɗan sanda ba ne. Wata mai tuyar masa ce a Gangare, ko malamin makaranta a Unguwar Rogo cikin garin Jos, wanda ya san kowa, kowa ya san shi. Marubucin Jos da ke son gwada shi ya kula da waɗannan kurakurai.

Babban kuskure shi ne ɓoye mai laifi sai babin ƙarshe, a jawo wani baƙo daga Legas a ce shi ne. Wannan cin amanar mai karatu ne. A fito da shi tun da wuri, a gan shi a zaman makoki yana karɓar gaisuwa, a ajiye kowace alama a fili.

Sai kwaikwayon littattafan Turawa, a ajiye gawa mako guda ana jiran likita. Mu Musulmi cikin 'yan sa'o'i muke kai mamaci makwancinsa. A nan ma daɗin yake: matar da ta yi wankan gawa ita kaɗai ta ga tabo a wuya, kuma tsakanin addu'ar uku da ta bakwai bakuna ke buɗewa.

Soyayya kuma kada ta zama wani labari daban. Masoyin ya kasance cikin waɗanda ake zargi, ko yana riƙe da abin da ya ƙi faɗa.

Inda abin ya fi damuna shi ne ɗan daudu, ko mai son jinsinsa, idan ya shigo labari. Ko a mai da shi abin dariya, ko shi ne gawar, ko a ce halinsa ne ya sa shi kisa. Rubutun lalaci ke nan. Mutum ne, to a ba shi sana'a, da uwa mai jiran kuɗin cefane, da wanda zuciyarsa ke so. Dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi ɗaya, saboda haka yana da dalilin ƙin faɗin inda ya kwana daren kisan alhali hannunsa tsaf yake. Mai binciken sai ta wanke shi ba tare da ta tona masa asiri ba, wannan kuwa ya fi kama mai kisan wuya. Kada kuma a zana wani na gaske a unguwa har a gane shi, ana iya jawo masa duka ko kamu.

Garin Jos ma a bar shi ya yi aiki a labarin. Sanyin Disamba kan kora mutane ɗaki da wuri, wanda aka gani a bakin tsohon kududdufin kuza bayan isha dole ya yi bayani.