Kurakuran da Ake Yawan Yi da Fuka-fukan Agwagin Gida

Da yawa in sun ga agwagwa ta miƙe tsaye, ta turo ƙirji tana bugun fuka-fuki da ƙarfi, sai su ce shirin gudu take, su ɗauko almakashi. Ba haka ba ne. Ka lura da ita bayan wanka: kakkaɓe ruwa take yi, ta jera gashinta, sannan ta lakato mai da baki daga gindin wutsiya ta shafe jiki. Alamar lafiya ce. Wadda ta daina yi, ta takure, ita ce abin dubawa.

Kafin ka taɓa fiffike, san irin da ke hannunka. Farar agwagwar da ake kira Fekin ta yi nauyin da ba za ta bar ƙasa ba, rage mata gashi wahalar banza ce. Maskobi kuwa, mai jan tsiro a fuska, tana tashi sosai, musamman macen. Sai ka wayi gari ka gan ta kan katanga, toron na ƙasa yana kallo don nauyi ya riƙe shi.

In ya zama dole a rage, nan aka fi ɓarna. Wasu sukan yanke duka ɓangarorin biyu, alhali fiffike ɗaya ake ragewa, don in ta yunƙura ta karkace ta sauka. Dogayen gashin bakin fiffike, guda 10, su kaɗai ake datsewa, wajen rabi, ba a kusantar nama. Buɗe fiffiken a haske tukuna. Gashin da sandarsa ta yi duhu sabo ne, da jini a ciki. Ka yanka shi, jini zai yi ta zuba. Jira sandar ta yi fari. Figewa kuma, don Allah a bari: tana da zafi, gashin ma cikin makonni zai dawo. Kar ka ɗauka ka gama ke nan. Duk shekara agwagi kan zubar da gashi su sake, sai an maimaita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne fiffiken da ke murɗewa waje a jikin ƴan agwagi. Mutane kan ce karaya ce, ko haka aka halicce ta. Galibi abinci ne mai furotin fiye da kima: gashi ya yi saurin tsiro, ya rinjayi gaɓar da ba ta yi ƙwari ba. Da ka ga bakin fiffike ya fara leƙowa gefe, rage abincin saurin girma, ƙara ganye, ka naɗe fiffiken a mazauninsa da bandeji ba matsewa, kana dubawa kullum na ƴan kwanaki. In ƙashi ya riga ya ƙosa, a haka za ta rayu.