Yadda za ka nemo sababbin waƙoƙi ba tare da manhaja ta san cikinka ba

Duk wanda ya daɗe yana jin waƙa a Boomplay ko Audiomack ko YouTube ya san halin: ka saurari waƙoƙin soyayya da daddare, gari na wayewa an jero maka irinsu tuli. Manhajar tana duba abin da ka ji jiya, ta haɗa da abin da masu irin ɗabi'arka suka ji, ta miƙo maka. Shi ya sa za ka shekara ba ta kawo maka kiɗan kukuma ko na kotso ba, balle amadar mata da ƙwarya. Abin da ya fi damuna shi ne farashin da ake biya, domin kafin ta yi wannan zaɓen sai ta rubuta lokacin da ka kunna, da inda ka tsallake, da abin da ka maimaita da tsakar dare.

Fara da ganin abin da aka tara a kanka. Idan kana amfani da Spotify, wadda ta shigo Najeriya a 2021, shiga shafin sirri na asusunka ka nemi cikakken tarihin saurarenka. Yakan ɗauki har kwana 30 kafin a turo. A ciki za ka ga kowace waƙa da ranarta da sa'arta, tsawon lokacin da ka ji ta, irin wayar, da ƙasar da kake. Wannan haƙƙinka ne, ba alfarma ba. A watan Yunin 2023 hukumar kare bayanai ta Suwidin ta ci tarar kamfanin kurona (kuɗin ƙasar) miliyan 58 saboda bai yi wa masu neman bayanansu gamsasshen bayani ba, kuma a watan ne Najeriya ta samu tata dokar kare bayanan.

Daga nan sai rufe ƙofofi. A YouTube ka dakatar da tarihin kallo da na bincike, ka goge tsohon. A wayar Android ka shiga saiti, wajen talla, ka share lambar tallan wayar, wadda masu talla ke gane wayarka da ita. Ka duba izinin kowace manhajar waƙa: ba ta da wata hujjar ganin lambobin mutanenka ko sanin unguwar da kake kwana. Spotify tana da sauraron sirri, amma kada ya ruɗe ka. Yana ɓoye abin da kake ji daga abokanka ne, kamfanin kuwa yana rubutawa.

To, in ka rufe bakin manhaja, wa zai nuna maka sabon abu? Mutane.

Ni a wurina babu kamar rediyo, ta gaske mai eriya. Akwatin rediyo karɓa kawai yake yi, ba ya aika komai, don haka babu mahalukin da ya san tashar da ka kama. Rediyon Tarayya na Kaduna, da Freedom a Kano, da Muryar Sahel da Anfani a Nijar, duk akwai mutum a bayan makirufo wanda ya zauna ya zaɓa, wani lokaci ya tono tsohon faifan da babu shi a kowace manhaja. Ka ajiye ƙaramin littafi da biro kusa da akwatin. Da mai gabatarwa ya ambaci sunan mawaƙi, rubuta. Idan bai ambata ba, rubuta amshin, gobe ka tambayi wani dattijo a majalisa. Sau da yawa ba sunan kaɗai za ka samu ba, har da labarin basaraken da aka yi wa waƙar da dalilin habaicin da ke ciki. Wayoyi da dama ma suna da rediyon FM, sai dai ka jona abin kunne ya zame mata eriya, kuma ba ta cin data.

Idan kana son leƙa waje, akwai Radio Garden da aka ƙaddamar a Holan a 2016. Taswirar duniya ce cike da ɗigo-ɗigo kore, kowane ɗigo gari ne da tashoshinsa. Ka juya ta zuwa Bamako ko Dakar ko Kumasi ka ji abin da mutanen can suke ji a wannan lokacin. Ba sai ka buɗe asusu ba. Tunda ta intanet ce ba ta kai akwatin rediyo sirri ba, amma ba ta tambayar sunanka.

Sai masu tura waƙa na kasuwa da tasha. Mutumin da ke zaune gaban kwamfuta ƙarƙashin lema, lasifika na tashi a gefensa, ya san waƙar da ake yayi a gidajen biki tun kafin ta hau intanet. Ka ce masa: “Malam, sa min abin da ban sani ba, na Zinder ko na Sakkwato.” Wannan hanya ba ƙaramar aba ba ce. Ta katin memori da Bluetooth kiɗan jita na Agadez ya zagaye Sahara, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, ya tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane ya fitar da su a faifai a 2011, ya kuma bi sawun mawaƙan don a biya su.

Sai dai a nan ne nake roƙonka ka yi hattara ƙwarai, musamman 'yan'uwana mata. Kada ka miƙa wayarka. Da zarar an jona ta da kwamfuta a buɗe, hotunan iyalinka da takardunka suna gaban wanda ke riƙe da ita. Sayi memori daban wanda babu komai a ciki sai waƙa, shi za ka riƙa bayarwa. Idan ka dawo gida ka duba abin da aka zuba, duk fayil ɗin da ya ce a girka shi a waya, goge shi, waƙa ba ta buƙatar girkawa. Sannan ka saurara da manhaja irin VLC, wadda kyauta ce, babu talla, babu rajista, kuma tana aiki ko data a kashe.

Akwai haƙƙi a nan da bai kamata a kau da kai ba. Kuɗin da ka ba mai turi ba lallai ne ya isa hannun mawaƙi ba. Idan wani ya burge ka, nemi hanyar saka masa. Wanda ke Bandcamp, shafin intanet da mawaƙa ke sayar da waƙoƙinsu, sayi waƙarsa a can: mafi yawan kuɗin nasa ne, kai kuma ka sauke fayil ya zama naka har abada. Wanda ke garinku, je wurin wasansa ka yi masa liƙi.

Wata dabarar da ta fi min amfani ita ce bin sunaye. A waƙar zamani ka kasa kunne wurin da mawaƙi ke gaida mai kiɗa da situdiyo, sai ka nemi sauran waɗanda suka yi aiki a wurin. A ta gargajiya ka bi 'yan amshi, domin yaran babban makaɗi su ne ke zama iyayen gidan kansu gobe. Daga suna ɗaya za ka samu uku. Ka yi binciken a burauzar da ba ka shiga da asusunka ba, kuma in ka samu wadda ta yi maka, tura wa aboki ɗaya kai tsaye ka ce shi ma ya rama maka da tasa kafin Juma'a.